Tsohuwar da Take Mayar wa Rijiya Baƙinta

A benen da nake gadi a West Bay, cikin birnin Doha, akwai wani tulun roba da ake kifawa a kan na'ura, ka danna shuɗi ya ba ka ruwan sanyi, ka danna ja ya ba ka na zafi. In ya ƙare wasu samari su shigo da wani a kafaɗa su kifa. Ruwan teku ne, in ji su, aka cire masa gishiri. Ba ɗanɗano, ba ƙamshi, ba ka iya cewa ga garinsu. Shekara da shekaru ina shan sa, bai taɓa kai min inda ruwa yake kaiwa ba. Ni kuwa ɗan mai haƙar rijiya ne, a bakin rijiya na yi wayo. A garinmu, in ka rufe min ido ka miƙo min moɗa, sai in faɗa maka unguwar da aka jawo ruwan. Yau ga ni da furfura ina danna maɓalli in sha.

Amma ba ruwa ne ya tayar min da tsohon zance ba, Haladu ne. Haladu direba ne, ɗakinmu ɗaya a can bayan Asian Town tun zuwana ƙasar nan. Shi Bakano, ni Bazazzagi, to kun san sauran. Ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai bawana, shi kuma ba ya bari in gama cin tuwo bai tuna min cewa kakansa ne ya koya wa kakana sa wando ba. Da zafin bana jininsa ya hau, ya yanke jiki ya faɗi a gefen motarsa. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya rufe. Yana nan kwance a asibiti, ido buɗe, ba uhm ba uhm-uhm. Likitoci sun yi iya yinsu, wallahi sun yi, suka ce abin da ya rage jinya ce: ko a bar shi a sashen masu doguwar jinya, ko a kai shi gida wurin iyalinsa. Sai dai jirgi ba zai ɗauke shi ba sai da ɗan rakiya, matarsa kuwa ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba. Na ce ni zan kai shi. Mudir ɗinmu, wato shugaban masu gadi, ya kira ni ofis, bai yi min ɓoye-ɓoye ba. Ya ce takardar zamana ta kusa ƙarewa, shekaruna sun haura waɗanda ake sabunta wa cikin sauƙi, kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ba zai riƙe min gurbi ba. In na fita yanzu, khalas, na fita ke nan.

Yaran ɗakinmu sun ce tsufa ya fara taɓa ni. Nazifi, wanda ya fi su baki, cewa ya yi, “Haba Baba, mutumin da bai san inda kansa yake ba za ka ajiye wa aikinka? Nan da Kano duk ɗaya ne a wurinsa.” Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Bai san cewa wannan taurin kan ba a Doha na same shi ba, wata tsohuwa ce ta ba ni shi tun ina saurayi, tsohuwar da ko salla ba ta yi.

Garinmu da rijiya ake tashi. Kafin ka ga kowa sai ka ji igiya tana gurza itacen bakin rijiya, itacen nan da igiyoyin kakanni suka yi wa tsaga-tsaga kamar zanen fuska. Sai ka ji guga ya faɗa, tsulum, sannan ka ji tulu yana cika, muryarsa tana hawa tana siririta har ta ɗauke, mai ɗiba ta san ya isa ko ba ta leƙa ba. Mata suna gaisawa suna gulma, jakuna suna jira, kurciya tana shan abin da ya malala a ƙasa. Mahaifina shi ne mai rijiyoyin nan, shi yake haƙa sabuwa, shi yake yashe tsohuwa in bazara ta janye ruwa. Gajere ne, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, ba ya son surutu. Kafin ya shiga kowace rijiya sai ya zura fitila, in ta mutu a ƙasa ya ce yau rijiya ba ta karɓar baƙo, a dawo gobe. Yakan ce, “Ba a shiga rijiya da fushi, ba a fita daga cikinta da gaggawa.” Kayan aikinsa dagi ne da igiya da wani babban masaki da yake cikawa da laka. Aikina in tsaya a sama in jawo masakin in zubar in mayar masa. Kafaɗun nan da nake tsayawa da su a bakin ƙofar bene, a can aka gina su.

A bakin gari akwai injin gurzar auduga. Wani Ba'indiye ne yake kula da injinan, ya zo da mahaifiyarsa, wata 'yar tsurut ɗin tsohuwa mai farin zane, wadda in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta tafi da ita. Gidansu akwai famfo, abin da ko gidan dagaci babu, amma ta ce ita ba za ta sha ruwan famfo ba, na rijiya take so. Aka nemi saurayi mai ƙarfi da zai riƙa kai mata da safe, Baba ya ce in je. Ranar farko na sauke tulu zan juya, ta ce in tsaya. Ta ɗauko wani farin ƙyalle mai kauri ta ninka biyu, ta ɗaura a bakin randarta, ta sa na tsiyaya ruwan a hankali. Ban ga abin mamaki ba, mu ma muna tace ruwa saboda tsutsa. Sai ta kwance ƙyallen, ta kifa shi a cikin wata 'yar tasar tagulla, ta ɗauraye shi da tataccen ruwan, ta miƙo min tasar haɗe da wata siririyar igiya. Ta ce in mayar rijiyar da na ɗebo. Ba wata rijiya ba, ita dai wadda na ɗebo. Kuma kada in watsa daga sama, in zura tasar da igiya har sai ta taɓa ruwa, sannan in karkata ta.

Na leƙa tasar. Wallahi ba komai a ciki sai ruwa da ɗan gari-gari. Na ce, “Iya, me zan mayar?” Ta ce, “Masu gida.” Hausarta ta kasuwa ce, ni nake miƙe muku ita yanzu. Ta ce a cikin ruwan nan akwai masu rai da ido ba ya gani, ita ta ɗauke musu ruwansu don dole, to ba za ta haɗa musu da kisa ba. In an zubar da su a ƙasa sun mutu, in an kai su wani ruwa da ba su saba da shi ba sun wahala. Shi ya sa ba ta son famfo: famfo ba shi da ƙofar da za a mayar da kowa.

Tabɗijam! Ka ga ƙato kamata, wanda 'yanmata suka fara yi wa kallon gefen ido, yana ratsa kasuwa da 'yar tasa a tafin hannu kamar mai kai wa jariri magani. Abokaina suka samu abin yi. In na doso sai su ce a ba da hanya, ga mai rakiyar baƙi. Ita kuma aka laƙaba mata Iya Mai Tata, sunan ya bi ta har ta bar garin. Na kai ƙara wurin Baba, na ce aikin hauka ake sa ni. Yana tufkar igiya, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Ta sa ka saɓon Allah?” Na ce a'a. Ya ce, “To rijiyata ake girmamawa, ka kai.” Haka na ci gaba da kaiwa, ina ƙunƙuni a hanya, har ƙunƙunin ya gaji ya bar ni. Hannuna ya koyi zura tasar nan ba tare da ta fantsama ba, ina jin lokacin da gindinta ya sumbaci ruwa ta cikin igiyar.

Abubuwanta da yawa. Ba ta cin nama, wannan ba a ma maganarsa, amma har albasa da dankali da doya ba ta ci, wai tono su kashe gida guda ne. Ba ta cin komai in rana ta faɗi. Kafin ta zauna sai ta share wurin da wata tattausar tsintsiya, ko da tabarma ce sabuwa. Tana da littafi naɗe a jan ƙyalle, in za ta karanta sai ta kare bakinta da hankici. Mutane suna ce mata Hindu, ta ce a'a, su Jain ne, hanyarsu daban. Ita da Baba kuwa sun zama kamar abokan wasa. In ya zo karɓar tsohuwar igiya daga wurin ɗanta sai ya tsugunna a bakin baranda su taɓa. Wata rana ta ce masa ƙasa ma tana da rai, duk sara ɗaya da yake yi da dagi akwai wanda yake ji. Baba ya yi dariyar da ba kasafai yake yi ba, ya ce, “To Iya, in ban haƙa ba me za ki tace?” Ita ma ta yi dariya, ta ce gaskiyarsa, mai zaman gida ba ya iya kauce wa cutar da masu rai gaba ɗaya, ragewa kawai yake yi, shi ya sa har yanzu take nan ƙasa tare da mu.

A ranar ne ta ga masakin Baba a hannuna, laka ta bushe a bayansa. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce a littafinsu akwai misalinsa. Ta ce, “Ka samu busasshen duma, ka shafe shi da laka ka shanya, ka sake shafawa ka shanya, har sau takwas, ka jefa a ruwa. Me zai yi?” Na ce nutsewa. Ta ce, “Duman ne ya yi nauyi?” Na ce a'a, lakar ce. “In ruwa ya cinye lakar fa?” Na ce sai ya taso. Ta ce to haka rai yake. Shi a karan kansa sani ne da haske, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, na tururuwa da na sarki duk ɗaya ne. Amma duk abin da mutum ya aikata cikin fushi ko kwaɗayi ko girman kai ko yaudara, wani abu ne mai laushi yake manne wa ran, karma suke ce masa, shi yake danne shi, ya fita daga wannan jiki ya faɗa wani. Aikin mutum biyu ne: ya daina shafa sabuwar laka, ya yi haƙuri tsohuwar ta zube. Ranar da ta zube duka, ran ya miƙe sama can ƙololuwa, ba ya sake dawowa. Baba ya ce, “Wa yake wanke masa?” Ta ce, “Babu. Shi da kansa.” Baba ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, “To a nan muka rabu, Iya. Mu muna da Ubangiji, in ba da rahamarsa ba babu mai fita, kuma zuwa ɗaya muke yi duniya. Amma zancen laka na yarda. Mu ma mun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.” Ba ta ji haushi ba, shi ma bai ji ba, washegari suka ɗora daga inda suka tsaya.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Rijiyar da nake ɗebo wa Iya ta ja baya har guga yana dawowa da rabin laka, aka ce Baba ya yashe ta. Da sassafe na fara jawo mata tulu ɗaya na kai, ban tsaya karɓar tasar ba, na ce zan dawo, na ruga don Baba yana jira. Fitila ta sauka ta dawo da ranta. Ya yi bisimilla ya shiga. Hantsi ya ɗaga muna aiki, ina jawo masaki ina mayarwa. Na mayar masa da shi wofi ke nan sai na ji wani sauti da har yau in babbar mota ta sauke yashi a wurin gini sai in tuna shi. Gefen rijiyar ne daga can ƙasa ya zame. Ƙura ta taso ta bakin rijiya. Da ta lafa na leƙa, ba Baba, ba masaki, ba ruwa, sai jar ƙasa shimfiɗe kamar an share.

Kafin ka ce kwabo gari ya taru. Aka yi ta kira, ni na kira har muryata ta dushe, shiru. Gefen rijiyar kuma bai daina zubo da yashi ba, sur-sur, sur-sur. Daga cikin gida ina jiyo kukan mata. Dattawa suka koma gefe suka yi shawara, Liman ya zo ya dafa ni. Mutumin kirki ne, shi ya raɗa min suna, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Ɗana, sai haƙuri. Duk wanda ya shiga gawa ta biyu ce. Abin da aka saba, a yi masa salla a nan a cike rijiyar, ta zama makwancinsa.” Har an aika a kawo kwanduna da shebur. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni.

Sai ga Iya Mai Tata. Ta gaji da jirana, ta ɗauko tasar da kanta, ta ratso rana da ɗan farin zanenta. Maza suka dare mata don mamaki. Ta share itacen bakin rijiyar da gefen zanenta, ta zauna a kai, ta ɗora tasar a cinya. Ta ce, “Ina da baƙi da zan mayar gidansu. Ba za ku rufe ƙofa ba.” Liman ya ce, “Iya, ki tashi, mutum ne ya mutu a ciki.” Ta ce, “Wa ya gani?” Ya ce, “Mun kira, ba ya amsawa.” Ta ɗaga tasar ta ce, “Waɗannan ma ba sa amsawa.” Sannan ta juyo ta dube ni, ni kaɗai, ta ce, “Kai ka san laka. Laka ba ta kashe duma, rufe shi take yi.”

Ban san lokacin da na ɗaura igiya a ƙugu ba. Baffana ya riƙe ni, na fizge, ban taɓa fizge wa babba hannu ba sai ranar. Liman ya dube ni ya dubi tsohuwar, ya tuɓe babbar rigarsa ya jefar, ya ce, “In dai sai ka shiga, ni zan riƙe.” Maza suka jeru a bayansa. Aka zura ni kamar yadda nake zura tasar Iya. A ƙasa ban yarda na taɓa dagi ba, kada in sare shi, da hannu na yi ta tona, ina cika guga ana ja. Yashi yana zubo min a ƙeya, kowane zubowa sai in ce shi ke nan, sai kuma in ci gaba. Farcena ya ɓare ban ji ba. Na yi ta kiran sunan Allah, ina kuka ina masifa, ina ce wa Baba wallahi bai isa ya tafi ya bar min wannan aikin ba. Rana ta take tsaka ta haska min ƙasan rijiyar, a lokacin ne yatsuna suka ci karo da wani abu mai santsi, mai kumburi. Gindin masaki ne, a kife. Na ƙwanƙwasa. Shiru. Na sake ƙwanƙwasawa, na kara kunne. Can sai na ji, ƙwas. Daga ciki.

Ashe da ya ji ƙasa ta motsa sai ya kifa masakin a kansa ya durƙusa, 'yar iskar da ke ciki ita ta riƙe shi. Ihun da na yi, an ce har injin auduga an ji. Aka fito da shi da la'asar, laka tun daga kai har ƙafa, ba ka gane gabansa da bayansa, ƙafa ɗaya a karye. Ana ta kabbara, mata suna guɗa. Iya Mai Tata kuwa ta koma gefe. Ta jira aka watse da Baba, ta leƙa ta ga ɗan ruwa ya tsattsafo a ramin da na tona, ta zura tasarta a hankali ta mayar da baƙinta, ta naɗe igiyarta ta tafi gida don ta ci abinci kafin rana ta faɗi.

Baba bai sake shiga rijiya ba. Ya rayu shekaru masu yawa yana ɗingishi, yana tufkar igiya a zaure, ya ga aurena, ya ɗauki 'ya'yana. Ita kuwa da injin ya fara ja da baya ɗanta ya mayar da ita ƙasarsu, ban sake jin labarinta ba. Ban bi addininta ba, ko da wasa, ita ma ba ta taɓa nema ba. Ina nan a kan abin da Baba ya faɗa, rahamar Ubangiji muke fata. Amma in na ce ban ɗauki komai a wurinta ba na yi ƙarya. Zuwana gida na ƙarshe na tarar an rufe rijiyoyin da kankare, an kafa burtsatse, yara suna tsotsar ruwan leda suna jefar da ledar a kwata. Itacen nan mai tsaga-tsaga an faskara shi an dafa abinci. Injin auduga ba rufi, awaki suke kwana a ciki. Ba na cewa ruwan burtsatse bai fi tsabta ba, ya fi, yara sun daina ciwon ciki. Sai dai yanzu ba wanda ya san daga ina ruwansa ya fito, balle ya ji yana da wani hakki a kansa. Ko a nan benen akwai wani Ba'indiye da na lura kullum yana sauri ya ci abincinsa kafin magariba. Wata rana na ce masa, “Kuna mayar da ragowar tata rijiya?” Ya tsaya cak da jakarsa a hannu, yana kallon baƙin mai gadi da ya san wannan. Ya ce kakarsa tana yi. Ya nuna tulun roban nan ya ce, “Yanzu ina za a mayar?”

Ranar Juma'ar da ta wuce na je asibiti da safe, Nazifi ya biyo ni, wai zai gwada ni karo na ƙarshe. Muka tarar an gyara Haladu, an jingina shi da filo, idonsa a kan silin. Ɗakin tsaf, sanyi kamar randa, ba abin da ya rasa sai wanda ya san shi. Ba mai ce masa Baban Hajara, ba ƙamshin daddawa, ba jikar da za ta hau masa ciki. Na jiƙa hankici na goge masa fuska, na ce, “Bawana, ubangidanka ya zo, ba ka tashi ka gaishe ni ba?” Na ƙwanƙwasa masa bayan hannu da yatsa, kamar yadda nake yi duk zuwa. Bai amsa ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun da ya kwanta bai taɓa amsawa ba, kuma mai yiwuwa ba zai amsa ba har abada. Nazifi ya tsaya a ƙafar gado ya ce, “Ka gani ko, Baba? Wallahi ya riga ya tafi, gangar jiki ce kawai. Ka bar shi a nan, ka riƙe aikinka.”

Na kama hannun yaron nan na fitar da shi baranda, na rufe ƙofa. Na ce, “Kada ka ƙara faɗin haka a kansa. In za ka faɗa, ka fito waje.” Na ba shi labarin rijiya a taƙaice, sannan na faɗa masa abin da ban cika faɗa wa kowa ba. Bayan Baba ya warke, wata rana muna zaure ni da shi, na tambaye shi ko ya san abin da ake ciki lokacin da yake ƙarƙashin ƙasa. Ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa. Ya ce, “Duk na ji. Na ji kana kira. Na ji Liman ya ce a yi min salla. Na ji an ce a kawo shebur, har na gane muryar wanda ya ce shi zai kawo. Baki ne babu.”

Nazifi ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Yaushe ne jirgin?” Na ce jibi. Ya ce zai nemi a canza masa diyuti, ya kama min keken marasa lafiyan da za a ɗora Haladu har filin jirgi.

Na koma ciki na ja kujera kusa da kunnen Haladu. Na ce masa na miƙa yunifom, na karɓi fasfo ɗina da nasa. Na ce jibi in Allah ya kai mu za mu tashi, mu sauka Kano, ƙaninsa zai zo da mota, ni zan zauna a baya in riƙe masa kai saboda ramukan hanya. Na ce ba a tasha zan ajiye shi ba, ba a ƙofar gida ba, sai na kai shi har ɗakinsa, har kan gadonsa, na ji Hajara ta kira shi, sannan in saki igiya. Na ce, “Ka ji ni, Bakanon banza? Na san kana ji. Yalla, mu tafi gida.”